Wayar da Ba Ta da Hannu

Tun da na yi wayo nake ganin ta a kan kabad ɗin ɗakin Baba, baƙa wuluk, a zaune daram, an lulluɓe ta da wani ɗan farin ƙyalle mai surfani wanda Inna ta yi mata tun suna amarci. Ban taɓa jin ta yi ƙara ba. Igiyarta a naɗe take a bayanta, ba ta zuwa ko'ina. Amma duk da haka, a gidanmu na Tudun Wadan Zariya babu kayan da ake yawan zancensa kamar wannan wayar tarho, domin duk ranar da aka yi suna a gidan, bayan an watse daga raɗin suna an ci an sha, sai Baba ya sa a sauko da ita.

Labarin ɗaya ne, ba ya canzawa. A shekarar 1949 kakanmu yana akawu a tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, a kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda. Lokacin kakar auduga ne, aiki ya hana shi zuwa gida, ga shi ya bar matarsa a Zariya da tsohon ciki, bayan sun binne 'ya'ya biyu tun suna cikin tsumma. Wata rana da asuba wayar tasha ta yi ƙara. Abokin aikinsa ne daga tashar Zariya yake yi masa albishir: an sauka lafiya, namiji. Kaka bai yarda da kunnensa ba. Ya ajiye kan wayar, ya kama hannunta ya murza, ya sake kiran Zariya, ya ce a maimaita masa. A nan Baba kan ɗaga hannun damansa ya riƙa juya shi a iska, yana kwaikwayon murzawar, sannan ya dafa wayar ya ce, “Ta nan aka fara ambatona a duniya.” Idan wani yaro mai ƙarambani ya tambaya ina hannun da aka murza, sai Baba ya ce ya ɓace tun da daɗewa, wajen ƙaura.

Shekaru uku da suka wuce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma hannun daman nan bai ƙara ɗaguwa ba, harshensa kuma ya yi nauyi har ya zamana yana jin kunyar magana a gaban baƙi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa a aji ya koma amsa gaisuwa da ka. Wani dare ina yi masa tausa sai na ga ya ƙura wa kan kabad ido. Da ƙyar ya haɗa kalmomin: “Kai da kake gyaran waya, wannan ba za ta ƙara magana ba?”

Gaskiya ne ina gyaran waya. Da shi na biya kuɗin karatuna na jami'a, a wani ɗan teburi cikin Sabon Gari, inda nake sauya gilashin da ya fashe da batirin da ya kumbura. Amma wayoyin da na sani an manne su ne da gam, ba a yi su don a buɗe ba, kuma in sun shekara huɗu a hannu an ce sun yi ƙarko. Da na sauko da wannan sai na ji kamar na ɗauki dutsen niƙa, don ta haura kilo biyu. Na juya ta gaba da baya, ban ma san sunan abin da aka yi jikinta da shi ba. Ba ƙarfe ba ne, ba itace ba, ba kuma irin robar bokiti ba.

Wani abokin sana'ata ya kwatanta mini gidan wani dattijo a bayan kasuwa, wanda ya fara aiki tun zamanin P&T, ya gani lokacin da aka kafa NITEL a 1985, ya yi ritaya ana dab da shigowar wayar salula a 2001. Duk unguwar Baba Injiniya suke ce masa. Na same shi a zaure yana sauraron rediyo. Da na kwance zanen da na ɗauro wayar a ciki, bai yi magana ba sai da ya kashe rediyon. Ya goga babban yatsansa da ƙarfi a gefenta har wurin ya yi ɗumi, ya miƙo mini ya ce in sansana. Wani wari na ji mai kama da na maganin wanke asibiti.

“Bakalait ke nan,” in ji shi. “Roba ba ta wannan warin.”

Daga baya na karanta cewa wani masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Beljiyam, Leo Baekeland, shi ya ƙirƙiro wannan abu a Amurka a 1907, kuma shi ne kakan duk robobin da suka cika mana kwata a yau. Ba ya narkewa da zafi, lantarki ba ya ratsa shi, shi ya sa masu ƙera tarho suka rungume shi. Siffar wayar kuwa, mai faɗin gindi da kafaɗu masu gangara, wadda kan wayar yake kwanciya a bisanta, tana da nata tarihin. Wani mai zanen hoto ɗan ƙasar Nowe, Jean Heiberg, yana cikin waɗanda suka fitar da ita wa kamfanin Ericsson a farkon shekarun 1930, hukumar gidan waya ta Ingila kuma ta ɗauki samfurin a 1937 ta ba shi lamba 332. Na ji daɗin wannan, don lissafi ya yi daidai: wayar da aka fara yi a 1937 tana iya kasancewa a Funtuwa a 1949.

Baba Injiniya bai damu da siffa ba. A cewarsa fuska ba ta faɗin shekarun waya, sai an kifa ta. Ya kifa ta a kan cinyarsa, ya tofa ɗan yawu a faifan ƙarfen da ke ƙasanta, ya goge da bakin rigarsa. Haruffa suka bayyana: ETL, da wata lamba mai farawa da N. Ya ce wannan ƙirar masana'antar Ericsson ce ta Beeston, kusa da Nottingham a Ingila, ba ta gidan wayar Ingila ba ce, an yi ta ne don a fitar da ita waje. Ya nuna mini wata 'yar raga mai laushi da aka toshe kafofin iska da ita, ya ce wannan ita ce shaidar wayar da aka ƙera don ƙasashe masu zafi, saboda kada ƙwari su shiga su yi gida a ciki. Sannan ya kai farcensa kan wasu lambobi biyu a ƙarshen layin, ya karkata wayar wajen haske.

“Hamsin da shida,” ya ce.

Na ce ko dai lambar kaya ce. Ya girgiza kai. Ya kwance faifan lambobin, wanda ake zura yatsa a juya, ya nuna mini bayansa, inda aka buga 62. Wato an ƙera jikin wayar a 1956, faifan kuma an ɗora mata shi daga baya, domin irin waɗannan wayoyi sukan zo da murfi kawai a wurin faifan idan garin da za a kai su mutum ne yake haɗa layi da hannu. Na tattara sauran ƙarfin halina na ba shi labarin Funtuwa, da murza hannu, da hannun da ya ɓace wajen ƙaura. Ya saurara har na gama, sannan ya kama yatsana ya zagaya da shi jikin wayar, dama da hagu da baya.

“Samari, ina ramin da hannun ya fita?”

Babu rami. Ko tabonsa babu.

Ya yi mini bayani cikin haƙuri, irin na wanda ya horar da yara da yawa. Wayar da ake murza wa hannu tana da ɗan injin maganaɗisu a cikinta, murzawar ce take haifar da wutar da ke kaɗa ƙararrawar can ɗaya gefen, kuma kowace tana da batirinta. Irinta aka saba gani a tashoshin jirgi. Wannan kuwa ba ta da batir ko injin, daga ofishin haɗa waya take shan wuta. Faifan lambobinta jikan dabarar wani Ba'amurke ne mai sana'ar shirya jana'iza, Almon Strowger, wanda ya yi rajistar na'urar haɗa layi ba tare da mutum ba a 1891, bisa zargin, kamar yadda ake ba da labari, cewa mai haɗa layin garinsu tana karkatar da masu kiransa zuwa ga abokin gasarsa. Baba Injiniya ya yi dariya da ya zo nan. Ni ban iya dariyar ba. Abin da nake lissafawa shi ne, ranar da aka ƙera wayar nan Baba yana da shekara bakwai, ya riga ya shiga makarantar allo.

Na dawo gida da ita a ɗaure, na ce wa Baba gyaran zai ɗauki lokaci. Mako biyu ban taɓa ta ba. Na yi tunanin abubuwa da yawa waɗanda ba na alfahari da su. Na san inda zan samu hannun tsohon keken niƙa, na san yadda zan huda bakalait in ɗaura shi. Na ma yi tunanin kankare lambobin nan biyu, aikin da ba zai ci mini minti ɗaya ba. Mutumin da aka ƙwace wa hannu da harshe, ni kuma in zo in ƙwace masa labarin haihuwarsa, da sunan na iya karanta gindin waya? Amma duk lokacin da na ɗauki sukundireba sai in tuna wanda ya buga lambobin nan, wani ma'aikaci a Beeston da ban san sunansa ba, wanda bai yi wa kowa ƙarya ba.

A ƙarshe na ce bari dai in fara da abin da ba ya buƙatar hukunci, wato datti. Noti huɗu na kwance, faifan ƙasa ya fita, cikin wayar ya bayyana gaba ɗaya. Ban taɓa ganin na'ura mai sauƙin kai irin wannan ba. Ƙararrawa biyu na ƙarfe da ɗan guduma a tsakaninsu, kwayil, kwandensa, da jerin notuna masu lamba inda kowace igiya take ɗaure. A jikin faifan an manna takarda mai zanen yadda aka haɗa komai, ta yi ja amma tana karantuwa. Waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka cewa wata rana wani zai buɗe ta a wani gari mai nisa, ba tare da kowa a kusa da zai tambaya ba, sai suka bar masa taswira. Ragar gefe ɗaya ta yage, zanzaro ya samu hanya ya gina ɗakinsa na laka a cikin ƙararrawa ɗaya, daidai inda gudumar za ta buga. Na fasa shi da tsinken ashana, na share da burushin haƙori.

Faifan lambobin ne ya ba ni wahala. Idan ka juya shi ka saki, ya kamata ya koma da kansa a natse, yana yanke layin sau goma a daƙiƙa ɗaya, domin da waɗannan yanke-yanken ne ofishin haɗa waya yake ƙirga lambar da ka buga: ɗaya yanka ɗaya, tara yanka tara, sifiri yanka goma. Namu in ka sake shi sai ya yi ta jan ƙafa ya tsaya a rabin hanya, saboda tsohon maiko ya daskare da ƙurar hunturu shekara da shekaru. Na wanke haƙoransa da kananzir, na ɗiga man keken ɗinki. Hannuna ya zarce, man ya shiga wani ɗan kofi na tagulla inda wasu fukafukai biyu suke gogar bango don rage gudu. Faifan ya koma dawowa fir kamar an harba shi. Da na kai wa Baba Injiniya, ya ce wannan kofin birki ne, kuma babu mai hankalin da ke zuba mai a birki. Sai da na sake wankewa na shanya. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura: ka juya sifiri ka saki, in ya dawo cikin kimanin daƙiƙa guda, ya yi.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, don ba ya gyaruwa. Ƙyallin bakalait fata ce siririya a sama, a ƙarƙashinta garin katako ne da aka cakuɗa da sinadarin. Na samu man goge ƙarfe na fara da bayan wayar, ta soma sheƙi, daɗi ya kama ni, na ga wani ɗan gurzajjen wuri na sa takardar yashi. Fatar ta tafi. Wurin ya zama ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo, faɗin kwabo, kuma haka zai zauna har abada. Wannan tabon ne ya tsayar da ni lokacin da na zo kan abin riƙewa. A tsakiyarsa akwai inda ya dushe, ya yi santsi ba ƙyalli, daidai faɗin tafin hannu. Na riga na shafa man a tsumma. Na ajiye tsumman, na wanke wurin da ruwan sabulu kawai na bar shi.

A gaban wayar, can ƙasa, akwai wata 'yar durowa siririya wadda duk tsawon rayuwata na ɗauka ado ce, don ba ta taɓa motsi ba. Tsatsa ce ta riƙe ta. Kwana uku ina ɗiga mata kananzir kafin ta saki. An yi ta ne don ajiye takardar lambobi, kuma takardar tana nan, a ƙarƙashin wani ɗan murfi mai haske da ya yi rawaya. Rubutun alƙalamin tawada ne, lambobin da boko, sunayen da ajami. Na san hannun, don shi ne a bangon Alƙur'anin da Kaka ya bari. Layi shida ne: ofishin babban akawu, ma'ajiyar kaya, asibiti, da wasu sunaye biyu da ban sani ba. Layi na shida ba a rubuta sunan wuri ba. An rubuta “makarantar yaro”. Tawadar sauran layukan tana nan raɗau, amma wannan ta kusa gogewa, takardar wurin ta yi baƙi-baƙi da maiƙon yatsa.

Inna ce ta cike mini giɓin, ba tare da ta san abin da nake nema ba. Ta ce surukarta ta taɓa gaya mata cewa da aka mayar da Kaka babban ofis a ƙarshen aikinsa, sai aka kai Baba makarantar kwana, kuma Kaka, wanda ko sunan ɗansa ba ya faɗa saboda kunyar ɗan fari mai rai, bai taɓa zuwa ziyara ba. Baba ya daɗe yana riƙe da wannan a ransa. Wayar kuwa, a gwanjon kayan ofis ya saye ta lokacin da aka kawo sababbi na roba, bai gaya wa kowa dalili ba.

Saura magana. A bakin abin riƙewa akwai wani ɗan gwangwani cike da ƙwayoyin gawayi ƙanana. Muryar mutum tana girgiza wani siririn faifai, faifan yana matsa gawayin yana saki, wutar da ke ratsawa tana ƙaruwa tana raguwa daidai da muryar. Idan gawayin ya daɗe a ajiye yakan dunƙule. Maganinsa, in ji Baba Injiniya, shi ne a ɗumama shi kaɗan a rana, a bubbuga a tafin hannu. Na yi hakan, na haɗa batir, na hura iska a bakin, na ji hucina a kunne kamar iskar bazara. Amma layin da za a jona ta babu. Turakun da ke bakin titinmu sun daɗe da zama wurin manna hotunan 'yan takara.

Baba Injiniya ya shiga ɗaki ya fito da wani akwatin katako mai ƙura, da abin riƙewa a rataye, da hannun murzawa a gefe. Ya ce aro ne, ba kyauta ba. Ya zo gidanmu da kansa ranar wata Asabar, muka ja igiya daga zaure, ta bi ta kan katanga, ta shiga ta tagar ɗakin Baba. Ya haɗa batir a kan layin, ya ɗaura akwatinsa a zaure, muka ajiye baƙar wayar a kan ɗan teburin da ke gefen gadon Baba, ta hagunsa, wajen hannun da ke aiki.

Kafin in fita Baba ya kira ni da ido. Ya ɗora hannunsa a kanta yana shafawa, ya bi gefen dama, ya bi na hagu, ya zagaya baya, ya wuce ta kan tabon da na yi mata. Yanzu da aka wanke ta babu ƙurar da za ta ɓoye komai. Ya daɗe yana lalube.

“Babu wurin hannu,” ya ce.

“Babu, Baba.”

“Shekara nawa?”

“An ƙera ta a 1956.”

Ya yi shiru har na ji motsin akuya a tsakar gida. Ban san ko ya daɗe da sani ba, ban kuma tambaya ba. Na jawo 'yar durowar, na ɗauko masa tabaransa, na riƙe masa takardar kusa da fuska. Ya bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Da ya zo na shida ya tsaya. Ya ɗora babban yatsansa a kan wurin da ya yi baƙi, yatsan ya rufe shi ruf.

“Ranar Juma'a,” ya ce a hankali, “hedimasta yakan kira ni, ya dube ni, ya ce shi ke nan, koma aji. Ban taɓa sanin dalili ba.”

Na bar shi da takardar na fita zaure. Baba Injiniya ya matsa mini, ya nuna hannun da haɓarsa. Na kama na murza. Daga cikin gida ƙararrawar ta tashi, da wata irin ƙara mai kauri wadda ta sa kaji suka watse, Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana salati. Na daina murzawa na kara abin a kunne. Na ji an ɗaga, na ji kan wayar ya bugi teburi, an sake ɗagawa, sai numfashi, tare da ɗan shuu na gawayi.

“Salamu alaikum,” in ji Baba. Muryar ta fito da nauyinta, amma bai yi sauri ya yanke ba yadda yake yi a gaban mutane. “Wa ke magana?”

“Ni ne, Baba. Daga zaure.”

“To,” ya ce. “Ajiye, ka sake kira.”